Daga filin jirgin Yamai zuwa na Tawa: uban jaririya zai tarad da suna?

Maman Nana: Assalamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku. Shawara nike nema ga waɗanda sunka san hanya. Matar ƙanena ta haihu Juma'ar da ta wuce nan Tawa, ɗiya mace, uwa da ɗiya lahiya lau, mun gode Allah. Juma'a mai zuwa za a yi suna. Uban ɗiyar shina Abijan, wata bakwai rabonshi da gida, kuma wagga ita ce haihuwarshi ta hwari. Ya yanki biye na jirgi, zai sauka Yamai ran Alhamis da la'asar. Jiya ya kira ni shina murna, wai ya duba cikin waya ya ga tsakanin hilin jirgin Yamai da na Tawa 228 ne kawai, tahiyar minti talatin a sama. Ya ce ko bai samu jirgi ba, zai ɗauki ƙaramar mota su kwana gida, wai kar, babbar motar fasinja, ne ke jan jiki da tsaye-tsaye, ba hanyar ce ke da nisa ba. Ni dai abin da na sani, duk ran da na hau kar zuwa Yamai, da asuba muke tashi, ba mu isa sai an yi azahar. To mi ne gaskiyar nisan? Zai tarad da raɗin suna da sahe ko ba zai tarad ba?

Zainabu: Barka da arziki Maman Nana. Allah ya raya, ya sa mahaddaciya ce.

Alhaji Na-Abijan: Barka ƴata. Allah ya ba mai jego lafiya.

Mushe Shaibu: Barka Hajiya. Wayar ƙanenki ba ta yi ƙarya ba, shi ne bai karanta ƙananan haruffan da ke bayan lambar ba. Wannan 228 ba kilomita ba ne, mil ne, awon Amurka da Ingila. Mil guda kilomita 1 ne da mita 609. In kika ninka 228 da shi, za ki samu wajen kilomita 367. Wannan shi ne nisan da ke tsakanin filin jirgi na Diori Hamani a Yamai da filin Tawa, amma a miƙe, yadda shaho zai bi, ba kwana ba zagaye. Mota ba ta da wannan hanyar.

Ta kwalta wajen kilomita 550 ne. Bambancin ya kai kilomita 180, kuma dalilinsa a fili yake in kika ɗauki taswira. Tawa tana arewa maso gabas da Yamai. Amma mota in ta bar Yamai kudu maso gabas take dosa, zuwa Dosso, wato ta soma da yin nesa da layin Tawa. Daga Dosso ta juya ta hau Dogon Dutsi, ta yi gabas tana bin gefen iyakar Najeriya har Birnin Kwanni. Sai an wuce Kwanni kaɗan, a mararrabar Tsarnawa, sannan ta miƙe arewa. Abin da nake nuna wa ƴan lakwal kullum shi ne, Kwanni da Tawa kusan a kan layi ɗaya suke, ɗaya a kudu ɗaya a arewa. Ke nan mota tana bin ɓangare biyu na alwatika, jirgi kuwa yana yanke na ukun.

Batun minti talatin kuma, lissafin babban jirgi ne mai gudun kilomita 800 a awa, kuma an yi shi kamar jirgin yana tashi da wannan gudun ya sauka da shi. Jiragen da ke yawo cikin gida yawanci masu farfela ne, gudunsu 450 zuwa 500. A haɗa da hawa sama da saukowa da jan ƙafa a kan fili, a ce awa guda, an yi adalci.

Maman Nana: Mushe Allah shi saka. Ashe ba idona ne ke ruɗi na ba. To ta ƙasa, in ƙaramar mota ce, awa nawa?

Lawali Direba: Yaya Maman Nana barka. Wagga tambaya tawa ce, shekara goma sha ɗaya na yi ina jan kar kan wagga hanya kahin baya ya hana ni. Ga ta yadda mu direbobi muka raba ta. Yamai zuwa Dosso wajen 140. Dosso zuwa Dogon Dutsi wajen 135. Dutsi zuwa Kwanni wajen 145. Kwanni zuwa Tawa wajen 130. Zango huɗu ke nan, kuma duk wanda ya ce miki ya ci zango guda ƙasa da awa biyu da kar cike da mutane da kaya, ki bincika lahiyar waɗanda ya ɗauko.

Mutane suna kallon allurar mota su ga 100, su ce 550 ai awa biyar da rabi ne. Allura ba ta ƙidayar abin da ke cin lokaci. Akwai peyaji. Akwai shingen jandarma da na ƴan sanda, inda kowa zai sauka ya nuna katinshi, kuma mutum guda in takardarshi ba ta cika ba, mutum saba'in ne za su tsaya jiranshi. Akwai garuruwan da hanya ta ratsa tsakiyarsu, Birnin Gaure, Dosso, Dutsi, ga tudun rage gudu bakin kowane ƙauye. Wajen Kure, kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa na tsallaka hanya, ba ka da ikon yi musu gaggawa. In ranar kasuwar wani gari ce, amalanke da bisashe sun cika kwalta. Badagishiri ran Alhamis, wanda ya taɓa bi ya san abin da nike hwaɗi. Sannan ga salla, ga cin abinci, ga mai son ya kewaya.

In ka haɗa duka, ƙaramar mota mai lahiya da direba mai hankali tana yin 70 a awa a tsakaice, wato awa takwas ba kaɗan. Kar yana yin kusan 60, awa tara zuwa goma. Da damina in ruwa ya ci wani wuri, ko taya ta hwashe, sai abin da Allah ya yi.

Ɗan Kwanni: Baba Lawali wannan lissafin tsofaffi ne, da girmamawa. Ni na sha yin Yamai zuwa Kwanni cikin awa biyar. Jirgi ya sauka da la'asar, kafin magariba ya fito, kuma filin jirgin Yamai a bakin hanyar Dosso yake, ba sai an shiga gari ba. Mota ta jira shi a ƙofa, su kama hanya ƙarfe shida, ƙarfe biyu na dare yana gida. Har barci zai yi kafin liman ya zo. Da dare ma hanya ta fi daɗi, ba zafi, ba kasuwa. In ana so ina da abokin da zai yi wannan aikin.

Lawali Direba: Ɗana, abu guda ka hwaɗi daidai, hilin jirgi bakin hanyar Dosso yake. Sauran kuwa ban yarda ba, kuma ba don tsuhwa ba.

Da dare ba kasuwa, gaskiya. Amma akwai kamyon da ya lalace ya tsaya rabin jikinshi bisa kwalta, ba hitila, alamar da anka sa mishi reshen icce ne. Akwai amalanken jaki da ba shi da ko ƙyalle mai walƙiya. Akwai shanu da ke kwanciya bisa kwalta don ɗumi. Akwai wanda ke tahowa ya dalle maka ido da babbar hitila, ka yi daƙiƙa uku ba ka ganin komi, kuma a gudun 100 daƙiƙa uku ta hi mita 80. Wata shekara tsakanin Dutsi da Kwanni na isa wurin da wata ƙaramar mota ta shige ƙarƙashin kamyo, wajen ƙarhe ɗaya na dare. Da hannuna na taimaka anka hiddo su. Kayan biki ne cike da but. Ban son in ƙara bayani.

Sannan abokin naka da ya yini shina aiki cikin Yamai, shi ne zai ja awa takwas cikin duhu? Barci ba ya sallama. Kuma duk mun san halin tsaro na shekarun nan, ba lokacin da mota guda za ta ratsa daji tsakar dare ba ne. Yaya, in kin ji tawa, kada ki bari a ɗauko miki ƙane da dare.

Ɗan Kwanni: Rai ai a hannun Allah yake Baba. Da rana ma ana haɗari.

Zainabu: A hannun Allah yake, amma ba kai ne za ka zauna da mai jego ba in wani abu ya faru. Ka yi haƙuri ƙanena, wannan ba wurin gwada jarumta ba ne.

Ramatu: Barka Maman Nana. Bari in ce wani abu kan jirgin, don na hau shi tsakanin Yamai da Tawa sau da dama ta wurin aiki. Abin da Mushe ya faɗa haka yake, awa guda ne, wani lokaci da ƴan mintoci. Kana cikin kallon kwarin dallol da gonaki ta taga sai ka ga jar ƙasar Adar, yankin Tawa, da duwatsunta, an ce a ɗaura bel. Ranar farko har hawaye na yi, don na tuna yadda mahaifiyata ta sha wuyar wannan hanya a kar lokacin da ake kai ta asibiti Yamai, tana kwance a kafaɗata tun daga Tsarnawa.

Amma jirgin da nake hawa na ma'aikatan agaji ne, wanda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, PAM, take gudanarwa. Ba a sayar wa kowa da kowa biye. Sai ƙungiyarka tana cikin rajista, ita za ta sa sunanka kwanaki kafin tafiya. Ƙanenki ba zai samu wuri a ciki ba ko da kuɗi a hannu.

Jirgin fasinja na cikin gida kuma ba kamar kar ba ne da ke tashi kowace asuba daga gar goma. Yana da ranakunsa, yana da garuruwan da ya fi zuwa, kuma kuɗinsa ya ninka na kar sau da yawa. Filin jirgi ya kasance a gari daban, a samu jirgi ranar da kake so daban. Shafukan nan na intanet da ke ba da nisa ba ruwansu da wannan. Ka rubuta NIM, alamar filin Yamai, ka rubuta THZ, ta filin Tawa, kwamfuta ta auna tsakanin ɗigo biyu ta ba ka minti, ko da rabon da jirgi ya bi layin an yi wata.

Kuma ko an samu, awa guda ɗin nan ta sama ce kawai. Za ka je fili awa ɗaya da rabi ko biyu kafin tashi, a auna kaya, a bincike ka, ka zauna. In an sauka ka jira balis. Daga ƙofa zuwa ƙofa a ce awa uku da rabi ko huɗu. Ya fi awa goma nesa ba kusa ba, ban musa ba. Sai dai lokacin hunturu in hazo ya rufe, jirgi ba ya sauka inda matuƙi ba ya ganin fili. Na taɓa yini a ɗakin jira tun safe, da la'asar aka ce mu koma gida sai gobe. Abokin aikina da ya bi mota tun asuba ya riga ni isa da kwana guda.

Alhaji Na-Abijan: Ƴata, akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma ya sha kayar da ƴan uwanmu masu dawowa. Agogon Abijan yana bayan namu da awa guda. In ƙarfe uku ne can, nan huɗu ne. Lokacin sauka da aka rubuta a biye agogon Nijar ne. Ki ce masa ya karanta da kyau, kuma yana sauka ya gyara agogonsa, kada ya je gar da asuba a kan lokacin Abijan ya tarar kar ya yi nisa. Ya duba kuma ko jirginsa kai tsaye ne ko yana yin eskal a Wagadugu, don wannan ma yana ƙara lokaci.

Saukar la'asar kuma ba fitar la'asar ba ce. Ga layin paspor, ga katin rigakafi, ga jiran kaya, ga duwan. Mutumin da aka yi wa haihuwar fari ba zai zo da jaka guda ba, na san abin da nake faɗa, atamfa da kayan jariri za su cika balis biyu. Ba zai ga waje ba sai wajen magariba, in jirgin bai yi latti ba ke nan.

Abin da ke ci mini rai, shekara talatin ina wannan zirga-zirga: Abijan zuwa Yamai ya haura kilomita 1,100 ta sama, jirgi yana cinye shi cikin awa biyu ko ƙasa da haka. Ka ƙetare ƙasa biyu kafin shayinka ya huce. Sannan ka shigo ƙasarka, saura rabin wannan nisan, ka yini cur. Mu Adarawa mun cika Abijan, mun cika Libiya, kuɗin da muke aikowa gida ba kaɗan ba ne, amma har yau hanyar gida ita ce mafi wuya a cikin tafiyar.

Ɗan Kwanni: To Alhaji ai akwai ta Filinge. Yamai, Baleyara, Filinge, a fito Tawa. Ita ce ta fi kusa da layin da Mushe ya ce jirgi ke bi. Me ya hana?

Lawali Direba: Ta hi kusa, ba gardama. Amma ka tambayi kanka don mi manyan kar ke zagayawa ta Dosso suna ƙona mai na banza, alhali sun hi kowa son riba. Yankin can ya sha hare-hare shekarun nan, kowa ya ji a rediyo. Hanyar lahiya a bi ta da shekara. Kada ma a kai wa yaron nan wannan magana, don zuciyarshi ta riga ta yi gida, duk gajeriyar hanyar da anka nuna mishi zai bi.

Mushe Shaibu: Ɗan Kwanni bai yi kuskure a taswira ba. Waccan ita ce RN25, kuma ita ce ke zarcewa daga Tawa zuwa Abalak da Agadas har Arlit. Wadda kar ke bi kuwa RN1 ce, kashin bayan ƙasar, daga Yamai ta bi Dosso, Dutsi, Kwanni, Maradi, Damagaram har Diffa. An bi da ita ta kudu saboda can jama'a da noma da kasuwanni suke, kusa da Najeriya. Tawa reshe ce da aka ɗaura mata a Tsarnawa. Shi ya sa ɗan Tawa ke biyan kilomita 180 na zagaye duk tafiya, zuwa da dawowa 360, kusan daidai da nisan garin biyu ta sama.

Na kan yi tunanin layin dogon nan da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso tsakanin 2014 da 2016. Duk wanda ya bi hanyar bayan an gama shi ya gan shi a gefen kwalta, rairayi yana rufe shi, bai ɗauki fasinja ba. Da ya yi aiki, da an ci gaba da shi gabas, da wannan muhawarar ta canza. Haka lokacin Tawa Sakola a 2017, da aka yi bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba a garinmu, mun ga baƙi suna sauka ta sama, muka ɗauka daga nan filin zai rayu da jiragen talakawa. Ina ganin ƙaramin jirgi mai tsayayyen lokaci, ko sau biyu a mako, da farashin da ɗan kasuwa matsakaici zai iya, ba zai rasa mutane ba. Marasa lafiya kaɗai da ake turawa Yamai sun isa hujja.

Ramatu: Mushe ina tare da kai a buri, amma man jirgi da gyaransa da kuɗin fili ba sa raguwa don hanya gajeriya ce. Gajeren zango ma ya fi tsada a kowace kilomita, don wajen tashi jirgi ya fi shan mai. In kujeru hamsin ne aka samu mutum goma sha biyar, wa zai biya sauran? Ni da za a tambaye ni, a gyara kwalta a faɗaɗa ta, a rage tsayuwar da ba ta da dalili. Awa biyu da za a rage wa mutum dubbai kullum sun fi awa shida da za a rage wa mutum talatin.

Mushe Shaibu: Wanda ke kwance a kan kafaɗar ƴarsa daga Tsarnawa fa, Hajiya Ramatu? Ke kika ba da labarin.

Ramatu: Na ba da shi, kuma har yau yana mini ciwo. Amma ko da akwai jirgin a lokacin, ba mu da kuɗinsa. Da kwaltar ta fi haka kyau, da ta ji sauƙi.

Maman Nana: Ƴan uwa kun yi nisa kun bar ni. Duk na ji kuma na ƙaru. Amma ni Juma'a ce gabana. Mi zan ce mishi?

Malam Habu: Hajiya, barka da arziki. Ki fara kwantar masa da hankali ta wajen addini. Suna ba ya ɓaci don uba ba ya wurin. Abin da ake so ranar bakwai shi ne a yanka abin yanka, a yi wa jariri aski, a sa masa suna mai kyau, a yi addu'a. Zaɓen suna haƙƙin uba ne, amma yana iya wakilta wansa ko baffansa ko duk wanda ya yarda da shi, ya faɗa masa sunan, ya aiko da kuɗin rago. Ƙauyukanmu na Adar da rani, gida nawa ake suna uba yana Abijan ko Legas ko Sabha? Ba a taɓa cewa sunan bai yi ba.

Jefa rai cikin hatsari don a riski abin da wakili zai iya yi, wannan ba a neme shi da shi ba. Yarinyar nan ta fi bukatar ubanta shekara ashirin masu zuwa fiye da safiyar Juma'a guda. Ya kwana Yamai, ya yi asuba, ya hau kar. Da yamma ana tsakiyar taron mata zai shigo.

Maman Nana: Malam na gode, kuma na san haka ne. Bari in hwaɗa muku abin da ya sa ya nace. Innarmu ta rasu bara, shina Abijan, bai samu jana'iza ba, sai bayan kwana tara ya iso. Abin bai bar shi ba har yau. Sunanta za a mayar wa ɗiyar nan. Ya ce mini, Yaya, ban ji sallar Inna ba, bari in ji ana kiran sunanta a ƙohwar gidanmu da kunnena. Shi ya sa na kasa ce mishi a'a kai tsaye, na zo nan.

Zainabu: Allahu akbar. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Alhaji Na-Abijan: Allah ya gafarta mata. To ƴata, in haka ne, ya je ofishin da ya yanki biye yau ɗin nan, ya nemi a dawo masa da tafiyar Talata ko Laraba. Za su caje shi wani abu, amma ba zai kai kuɗin hayar mota ta dare ba. In ya sauka Laraba, Alhamis da yamma yana Tawa.

Ɗan Kwanni: Ban san da wannan ba Yaya, Allah ya jiƙanta. In canjin bai yiwu ba, me zai hana a raba hanyar? Su yi Dosso da magariba su kwana, asuba su tashi.

Lawali Direba: Na yi wannan lissahin kahin ka rubuta. Daga Dosso saura 410. Ko sun tashi ƙarhe biyar, sha ɗaya za ta yi musu a hanya ko bakin gari, an daɗe da shahwa fatiha. Ya ɗauki kasadar duhu awa biyu, ya biya mota, kuma bai tarad ba. In ba canjin biye, kar na asuba ne. Yaya, ki sa wani na Yamai ya yankar mishi wuri tun Laraba, kada a bari sai ya sauka. Ya kwana kusa da gar, ya kai kaya tun dare a auna. Wajen ƙarhe bakwai da rabi suna Dosso, can akwai rezo mai kyau kuma kar na tsayawa. Ku daidaita da liman.

Ramatu: Ɗakin baƙinmu yana nan Yamai, kuma maigidana zai iya ɗauko shi daga filin jirgi. Ki yi mini magana ta gefe, Maman Nana.

Maman Nana: Salamu alaikum, na dawo da labari. Canjin biye bai yiwu ba, jirgin Talata ya cika. Na karanta mishi maganar Baba Lawali da ta Malam daga hwarko har ƙarshe, ya yi shiru, sannan ya ce to. Jirginshi ya yi latti da kusan awa guda, bai hito waje ba sai bayan isha'i, mijin Hajiya Ramatu na tsaye shina jiranshi. Allah shi saka muku da alheri, ku da ba ku taɓa ganinmu ba.

Kar ya tashi biyar da minti goma. Liman ya yarda ya jinkirta kaɗan, mutane na zaune bisa tabarmi ana raba goro da dabino. Bakwai da minti arba'in ya kira ya ce sun shigo Dosso. Wanmu ya ɗora waya bisa tabarma gaban liman ya buɗe murya. Anka yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya kira sunan Inna sau uku. Ta cikin waya muna jin hayaniyar masu tallar gar, shi kuwa ba ya magana, sai can munka ji shina cewa amin, amin. Ya ce mutanen da ke kusa da shi cikin kar duka sun shahwa tare da shi.

Dutsi ƙarhe goma da wani abu, Kwanni sha biyu da rabi, sun tsaya sun yi Juma'a, ya shigo gida huɗu saura minti ashirin, ƙura har gira. Awa goma da rabi ke nan. Bai ko wanke huska ba ya ce a miƙo mishi ita.

Lawali Direba: Alhamdu lillahi. Ki gaishe shi, ki ce Baba Lawali na barka. Ran komawa ya bar Tawa kwana guda kahin ranar jirginshi, kada ya ce zai haɗa su rana ɗaya.

Malam Habu: Allah ya raya takwarar Inna, ya albarkaci rayuwarta.

Ɗan Kwanni: Amin. Yaya, in zai koma ya tsaya Kwanni ya karɓi turmin atamfa na mai jego, yana wurina.